'Yar Bayan Ƙyalle

Tun daga Illela har kwanar Kalmalo babu wanda ya ce uffan a cikin motar. Abdulmalik na tuƙi idanunsa jawur, mahaifiyarsa Hajiya Halimatu Sadiya na zaune a baya ta rungume jakarta a ƙirji.

A cikin jakar akwai wata 'yar kwalbar turare. Malam Nu'man ne ya aiko mata da ita wata biyu da suka wuce, shaidar yana neman aurenta. Ko buɗe ta ba ta yi ba, tana jiran ranar tarewa. Yau mayar masa za ta yi.

Sai da suka tsaya a ƙofar gidan ƙawarta Hindatu sannan Abdulmalik ya iya buɗe baki.

"Inna, don Allah ki gahwarce ni."

"Tun shekaranjiya kake hwaɗin hakanga, Abba," ta ce, don ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. "Gahwara tana maida magana cikin baki?"

Ya kifa kansa a kan sitiyari. Ita kuwa ta buɗe ƙofa ta fita, ba ta ko waiwaye shi ba.

Abin da ya faru ba mai tsawo ba ne, ɓarnarsa ce mai tsawo. Shekara uku ke nan da rasuwar mijinta Alhaji Mukhtari. Ƙaninsa Alhaji Sahabi, babban dillalin albasa, ya ce shi zai aure ta don kada ta bar gidan. Abdulmalik kuwa tare yake fatauci da ƙanin uban nasa, bakinsu ɗaya. Da ta ce ita Malam Nu'man take so, tsohon malamin firamare mai shanyayyen hannu, sai gida ya ɗauki zafi. Shekaranjiya a tsakar gida, gaban Alhaji Sahabi da maƙwabta biyu, zuciya ta ɗebi Abdulmalik ya ɗaga yatsa sama ya ce, "In dai Inna ta shiga ɗakin mutumin nan, to Mu'minat ta saku!"

Mu'minat, matarsa, tana durƙushe a lokacin tana kwasar tuwo. Mara ta faɗi daga hannunta. 'Ya'yansu huɗu, kuma igiya ɗaya ce ta rage a auren, don biyun farko ma wannan zuciyar ce ta tsinke su.

Ni dai ban taɓa ganin wauta irin ta mai zuciya ba. Zai ɗauki wuƙa ya tsorata wani, sai ya ɗora ta a wuyan matarsa. Kafin magariba Abdulmalik ya yi nadama, ya bi malamai uku, biyu a Illela ɗaya a Amarawa. Duk amsa ɗaya suka ba shi: magana ta riga ta fita, ranar da aka ɗaura wancan auren, nasa ya mutu.

Hajiya Sadiya ta yi sallama a zauren Hindatu.

"Maraba da amaryam Malam!" Hindatu ta rangaɗa guɗa daga tsakar gida. "Shigo, angonki tun azahar shina kallon ƙohwa kamar mai jiran ruwan hwarko."

Hindatu ke nan, baki ba linzami. Ajinsu ɗaya a firamare su uku, ita da Sadiya da Malam Nu'man, shekara arba'in da takwas da suka wuce. Tun bara da aka yi taron tsofaffin ɗalibai suka sake haɗuwa, Hindatu ce ta ba su aron inuwar darbejiyarta duk ranar Asabar, don ta ce zance a ƙofar gida sai yara.

Malam Nu'man na zaune a kan tabarma cikin farar jamfa, hannunsa na dama kwance a cinyarsa, ya ja hannun rigar ya rufe shi. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da shi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun ne ya ƙi. Da ya gan ta fuskarsa ta washe, har ta ji kamar ta juya ta koma.

"Hajiya Sadiya, kin iso lahiya?"

"Lahiya lau, Malam. Ya ƙarhin jiki?"

"Jiki ya gode Allah. Zamna, yau ina da babban albishir."

Ta zauna a bakin tabarmar Hindatu, jakar na kan cinyarta. Ta yi niyyar ta faɗi abin da ya kawo ta tun kafin zama ya yi daɗi. Amma yaya za ka yi da mutumin da ya tare ka da albishir?

"Kun tuna daren majigi?" ya ce.

Hindatu ta tafa hannu. "Wane daga ciki? Wanda inji yam mutu munka kwashi awa muna jihwar juna da ƙasa?"

"A'a. Na mai cin tuwo."

Duk da nauyin da ke ƙirjinta sai da Sadiya ta murmusa. Wa zai manta? A zamanin, bayan kaka, motar hukuma kan zo Illela da majigi. A kafa gora biyu a filin makaranta, a ɗaure farin ƙyalle, a tada inji, gari duka ya fito. Hedimasta ya ce 'yan mata kada su cakuɗa da maza, su zaga bayan ƙyalle su zauna da iyayensu mata, ai hoton yana fitowa ta can ma. A ranar aka nuna wani mutum da ya dawo daga gona, ya wanke hannu da sabulu, ya zauna ya ci tuwo, mai bayani na ta kwarara masa yabo ta lasifika.

"Da sahe kinka shigo aji kina hura hanci," in ji Malam Nu'man, "kinka ce wai hukuma ta rasa wanda za ta nuna muna sai marar tarbiyya mai cin tuwo da hagu."

"Kuma da hagu yac ci," Sadiya ta ce. "Da idona nig gani."

"Ni ma shaida ta!" Hindatu ta ɗaga hannu. "Hagu ƙiri-ƙiri."

"Ni kuwa nac ce dama. Aji yar rabu biyu, mata dut hagu, maza dut dama. Kinka ɗauki kwalbat tawada kinka sheƙa mani bisa riga."

"Kai kaf hwara ce mani makauniya."

"Bulala shida-shida munka sha," ya ce yana dariya har da tari. "Ke ba ki yi kuka ba, ni nay yi."

Suka yi ta dariya su uku. Hindatu na share hawaye da bakin zane, giɓinta a waje, ko a jikinta.

"To yau za a raba gardama," Malam Nu'man ya gyara zama. "Sanda nike koyarwa Gidan Katta, ma'aikatan lahiya sunka zo da majigi. Igiyar ƙyalle tas saki, niz zaga baya in ɗaure. Ina ɗaga kai sai nig ga likitan cikin hoto ya koma bahago. Nid dawo gaba, dama. Nik koma baya, hagu." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Wanda az zamne bayan ƙyalle, komi juye shika ganinai. Ba ki yi ƙarya ba, Sadiya. Ni ma ban yi ba."

Hindatu ta riƙe haɓa.

"La'ilaha illallahu! Ashe bulalab banza kunka sha!"

"Nan bayan ƙyalle niz zamna ina dariya ni ɗai, har mutane sunka zaci iska sun taɓa ni. Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da zancen ga. Na so in bari sai ranad da kinka tare in ba ki shi tukuici, amma haƙuri ya gaza."

Sadiya ta sunkuyar da kai. Shekara ashirin da bakwai mutum na ɗauke da magana saboda ita, ita kuwa ta zo masa da abin da ke cikin jaka. Tausayinsa ya kama ta.

Hindatu ba ta lura ba, ta riga ta hau dokin hira.

"Ku maza ai kun more. Ku bi ta daji ku ƙetare iyaka ku tahi Ƙonni kallon silima, mu muna gida muna daka."

"Wace morewa? Bisa katanga muka kallo, mai gadi na bin mu da dorina. Rabin hoto reshen iccen bedi ya rufe shi."

"Amma ka dawo ka ba Sadiya labari dut tara, kamar kai kat tsara shi. Mu in munka matso ka kore mu."

"Ita ta iya saurare," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Bari in tona ma kaina asiri, tunda tsuhwa ta zo ba sauran kunya. Rabin labarun nan gyara su nika yi. Na hwarko da nib ba ki, masoyan sunka mutu, kinka yi kuka har anka tashi makaranta. Tun ran nan ko wa am mutu cikin silima, in na zo wurinki sai in tashe shi in ɗaura mishi aure."

"Kai Nu'manu!" Sunan ya kuɓuce mata kamar suna aji huɗu.

"Wallahi. Ke dai bayan wancan ba ki ƙara jin labarin da yaƙ ƙare da rabuwa ba daga bakina."

Bai taɓa faɗa mata yana son ta ba a wancan zamanin. Ya tafi kwalejin horon malamai a Sakkwato da maganarsa a ciki, Mukhtari ya riga shi furtawa, ta zauna da shi shekara talatin da biyar lafiya lau. Shi ma Malam Nu'man ya yi nasa auren, matar ta rasu shekara shida da suka wuce. Ba wanda ya cuci wani, nauyin baki ne kawai.

Hindatu ta tashi tana dafa gwiwa. "Wash! Ƙahwahun ga da sunka tsallake katangar makaranta, yau tashi ma sai da lallashi."

"Ki shahwa baƙin lalle ga hurhurag ga mana," Sadiya ta ce, don dai ta samu abin faɗa.

"In ɓoye ma wa? Ni nis san wahalad da nish sha kahin ta hito. Tsuhwa riga ta, wanda yad daɗe shi ka samun ta. Sa'o'inmu nawa anka binne da baƙin gashi?"

Ta shiga madafa ta fito da tuwon gero da miyar kifin tafki, ta ajiye kwano ɗaya gaban Malam Nu'man, da buta a gefe.

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi," ya ce da sauri.

Kullum haka yake cewa. Tun da hannun ya shanye ba wanda ya sake ganin ya kai loma baki, sai ya rufe ƙofar ɗakinsa. Mutumin da ya shekara talatin yana kwaɓar hannun yara in sun miƙa hagu, yau shi ne zai ci da ita gaban jama'a?

Sadiya ta dube shi. Ta san daga yau ba za ta sake zama a wannan inuwa ba, kuma ba ta son ta tafi ta bar shi da yunwa da kunya gaba ɗaya.

"Malam, ka ci."

"Hajiya, kin san lalurata."

"Na sani. Ka manta ko ni wa ta? Ni 'yab bayan ƙyalle ta. Daga inda nike zamne, hagunka ita ad dama. Ci abinka."

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya miƙa hannun, Hindatu ta zuba masa ruwa, ya yi bismilla. Lomar farko ta gutsure ta faɗa miya, ta biyu ta isa. Ya ci kamar yaron da aka yafe wa laifi, yana ci yana murmushi.

"Kin ga abin da nika hwaɗi?" ya ce wa Hindatu. "Yara na cewa tsoho in ya nemi aure girmanai ya zube. Ni ba hura nika nema ba, ba wanki ba. Wanda za ya tuna majigi tare da ni nika nema. In Sadiya ta tare..."

Bai ƙarasa ba. Hawaye ne ke zuba a fuskarta, ba sauti, har suna ɗiga a kan jakar.

"Subhanallahi. Mi af faru?"

Ta buɗe baki, kuka ya riga magana fita. Hindatu ta matso ta riƙe kafaɗarta. Da ƙyar, tana yi tana tsayawa, ta ba su labarin tun daga ɗaga yatsan Abdulmalik har amsar malamin Amarawa.

Hindatu ta saki salati. "Yaron ga ya kashe mu! Uwatai za ya ɗaure da igiyam matatai?"

Malam Nu'man ya janye hannunsa daga kwanon a hankali.

"Bari in gamu da shi," ya ce daga baya. "Ɗalibina na, ni nik koya mishi karatu aji ukku. Za ya ji maganata."

"Ya riga ya ji, Malam. Shina waje cikin mota shina kuka. Jiya har ƙahwata yar riƙa. Ko shi yanzu ba shi da iko da abin da yah hwaɗi."

"To a ƙara tambaya. Akwai malamai Sakkwato."

"Ukku anka tambaya. In na huɗu ya ce ba komi, hankalin wa za ya kwanta? Mu'minat ta zamna cikin shakka, mutane na nuna ɗiyanta?" Ta share fuska, wasu hawayen suka biyo. "Yarinyag ga ita tay yi jinyar Alhaji wata bakwai. Ita ka yanke mani ƙumba, don idona ba shi gani kusa. Jiya taz zo ɗakina tad durƙusa tac ce, Inna ki yi aurenki, ni na saba da tahiya gida. Tana hwaɗi tana rawar jiki, autanta na goye. In taka ta in wuce, Nu'manu? In shiga ɗakinka da wace huska?"

"To mu jira."

"Jiran mi? Rantsuwa ba ta tsuhwa. Mu ka tsuhwa."

"Sahabi hwa?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ya ce Juma'a shika son amsa. Ba ni son shi, Allah ya sani. Amma yau an gane inda aka kama ni, gobe ma nan za a kama."

Hindatu ta tashi ta shige ɗaki tana fyace hanci, ta bar su.

Sadiya ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun suna yara.

"Kai ka gyara labari. Ka ce ba ka ƙara ba ni wanda yaƙ ƙare da rabuwa ba. To ga shi, gyara muna wanga. Don Allah, Nu'manu, gyara shi."

Mutumin da bai taɓa rasa ƙarshen labari ba ya duba sama, ya duba ƙasa, ya duba hannun da ke kwance a cinyarsa.

"Waɗancan daga bisa katanga nika kallon su," ya ce. "Wanga ina ciki."

Hawaye suka gangaro cikin farin gemunsa, bai share ba. A waje aka danna hon sau ɗaya, gajere, irin na mai jin kunya.

Ta buɗe jaka ta fito da kwalbar turaren. Ta tashi, ta durƙusa a gabansa duk da ciwon gwiwa, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya dubi kwalbar. Ya ɗauki buta da kansa ya karkata ta da gwiwa, ya wanke hannunsa, ya goge a jikin tabarma, yana ta jan lokaci.

"Ba a karɓar kaya da hagu, Sadiya," ya ce. "Dama kuwa kin ga ta ƙi. Sai ki koma da abinki."

Wani abu mai kama da sauƙi ya ratsa ta. Ashe akwai ƙofar da ta rage, ko da ta wasa ce. In bai karɓa ba, ba a mayar ba ke nan. Ta fara janye hannunta.

Aka sake danna hon. Jim kaɗan, daga zaure muryar Abdulmalik ta shigo, a dishe.

"Inna, Mu'minat ta bugo waya. Tana tambaya ta sauke kayanta ko ta bar su ɗaure."

Malam Nu'man ya rufe ido. Da ya buɗe, sai ya yi mata irin murmushin da yake yi in zai fara ba ta labarin silima.

"Na manta," ya ce a hankali. "Ke 'yab bayan ƙyalle ta. Wurinki wagga ita ad dama."

Ya miƙo hagunsa ya kama kwalbar.

Maganar da ta faɗa don ya ci tuwo, ita ce ta dawo ta raba su. Ya ja kwalbar kaɗan, ta ƙi zuwa. Ya sake ja.

"Saki, Sadiya."

"Na saki," ta ce tana kuka.

Amma yatsunta na nan a kan kwalbar.